Ramin da Ke Jikin Ƙofa

A gidan kakana Aatos, can gaba da Kuusamo,
inda rana a watannin sanyi kan leƙo ta koma
kamar wadda ta yi ɓatan gida,
akwai rami a jikin ƙofar madafa,
faɗin ɗan yatsa, daidai tsayin ƙirjin mace.
Shekara hamsin bai toshe shi ba.
Kaka Lempi ta cusa tsumma, shi ya zare,
ta sake cusawa, ya sake zarewa,
har ta bar wa iska ta ci gaba da fito.

Ina 'yar sha biyu ya kama hannuna,
ya tura yatsana cikin ramin.
"Iiris," ya ce, "wannan aikin bindiga ne
wadda na rantse babu komai a cikinta.
Kakarki ta sunkuya ɗaukar cokali.
Ba don cokalin nan ba,
da babu uwarki, da babu ke."

Daga nan karatu ya soma.
Wata uku ban ji ƙamshin albarushi ba,
sai mai da tsumma, sai buɗe, duba, sake dubawa,
ido ya gani, yatsa ya shaida.
Bakinta ƙasa ko da a mafarki.
In za a haye shinge a sauke ta tukuna,
in za a miƙa wa wani a miƙa ta a buɗe.
Kunama kuwa, sunanta ya ishe ta,
yatsa na kwana a waje
sai zuciya ta gama shawara.

A bakin tafki, inda muke kafa allon saiti,
yakan toshe mini kunne kafin nasa,
ya tambaye ni abin da ke bayan allon.
Tudu, in ce. Bayan tudun fa?
Hanyar da Reijo ke bi ɗebo itace.
To, harsashi zarar bunu ne,
bai san Reijo ba, bai san gafara ba.

Na girma. Na harbi abin da na harba,
na kuma bar da yawa suka shige kurmi
don ban ga abin da ke bayansu ba.

Bana dusar ƙanƙara ta zo da wuri.
Ya dawo daga daji shi kaɗai, a hankali,
gemu fari fat, hannu na rawa kamar ganye.
Ya jingina ta a kusurwa, ya nemi kofi.
"Na sauke ta," ya ce, "ki mayar akwati."

Na yarda da shi. Wa zan yarda da shi in ba shi ba?
Amma hannuna bai tambayi yardata ba.
Na juya bakinta ga bango, na ja, na buɗe.
Sai ga shi ya faɗo, ɗan jan ƙarfe,
ya yi ƙwal a kan katako,
ya gangara, ya gangara,
ya tsaya a gindin ƙofar nan.

Agogo kaɗai ke magana.
Kofi ya huce a hannunsa.
Ya dubi harsashin, ya dubi ramin,
ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Sabo turken wawa."

Bai yi kuka ba. Mutanenmu ba sa yi a gaban jika.
Ya dai cire igiyar da ke wuyansa,
mai ɗan makulli da gumi ya baƙanta,
ya rataya mini.

Yanzu ni ke kulle bindiga a nan, harsashi a can.
Kuma jiya ɗana Ilmo, ɗan shekara tara,
ya zo da tsumma zai toshe iska.
Na ce bari. Kawo yatsanka.